Ranar da Na Kai Ɗan Yaya Dam Koyon Iyo

A duk ƙasar Katsina, daga bakin iyakar Jibiya har inda motar Funtuwa ke juyawa, ba a haifi mutumin da ruwa ke shakka kamar ni ba. Na sha faɗin haka a teburin mai shayi na gefen tasha, kuma ba wanda ya taɓa ƙaryata ni, don duk majalisar babu wanda ya taɓa ganin teku. Na ce masu na yi iyo a inda kifi ɗaya ya fi tirelar hatsi tsawo. Na ce igiyar ruwa ta taɓa ɗaga jirginmu har muka hango rufin kasuwar Maraɗi. Wani mai awon gero ya ce anya, na ce ya je ya duba. Shekara ashirin da 'yan kai ina sa farin kakin sojan ruwa, kuma a garinmu wannan kakin kaɗai ya ishi mutum shaida.

Da wannan suna na iso gida wata Alhamis a ƙarshen damina, bayan Yaya ta kira ni sau tara cikin yini biyu. Yaya ita ce babbarmu, ita ta goya ni. Ɗanta na fari yana shekarar farko a makarantar horas da hafsoshi, ɓangaren ruwa, inda ni ma na fito, kuma ni na cike masa takardun shiga da hannuna. An ba su hutun mako biyu, ya zo gida, ya ce shi da makarantar nan har abada. Ranar Lahadi da yamma za a rufe ƙofa a kira suna. Wanda bai amsa ba ya zama ɗan gudun horo, ba a ƙara buɗe masa ƙofar. Tafiyar kuwa ta yini guda ce cur, saboda haka in bai hau motar Asabar ba, magana ta ƙare.

Na tarar da Yaya a ɗakinta, tana takaba. Mijinta ya rasu wata ɗaya da rabi da suka wuce, lokacin yaron na tsakiyar horo, jarrabawa na gabansa. Kamar yadda aka saba yi a gidanmu, ba a faɗa masa ba sai da ya dawo hutu. Na yi mata gaisuwa karo na biyu, na tambaye ta me yaron ya ce. Ta ce bai ce komai ba. Kullum da safe sai ya ɗauki babur ɗin ubansa ya tafi bakin iyaka yin kabu-kabu, sai magariba ya shigo, ya leƙa ɗakinta ya tsaya yana kallon ta kamar wanda aka ba shi gadinta, sannan ya wuce. Na ce ta kwantar da hankalinta, na san cutar, ni ma na yi ta.

Kafin in nemi yaron, dole in bi ta zauren Baffa. Baffa ƙanen mahaifinmu ne, shi ne babba a gida yanzu. Sojan ƙasa ne da ya fara daga kurtu, ya bi matakala ɗaya bayan ɗaya har ya zama hafsa, ya ajiye aiki tun ina makarantar sakandare. Har yau shi ke goge takalminsa da kansa, ko da kuwa masallacin ƙofar gida zai je. Na fi shi muƙami nesa ba kusa ba, amma a zauren nan ban taɓa wuce kurtu ba. Na tsuguna na gaishe shi irin ta gida. Ya amsa, sannan ya ɗaga sandarsa, ma'ana in tashi in yi ɗaya gaisuwar. Na ƙame na sara masa irin tamu ta sojan ruwa, tafin hannu na kallon ƙasa. Ya girgiza kai kamar kullum. Wai sojan ƙwarai buɗe tafinsa yake a gani, mu kuwa muna ɓoye namu kamar wanda ya taɓa miya a ɗakin girki.

Maganin Baffa gajere ne. A samo igiyar shanu, a ɗaure yaron, a jefa shi bayan motar albasa mai zuwa kudu. Ya ce su da yunwa da kulki aka horar da su, har yau ba su karye ba. Mu an horar da mu da shayi da biredi, shi ya sa duk muka yi tumbi. Su kuwa 'yan yanzu, in aka ce su yi tsallen kwaɗo sai sun tambayi dalili, wai wani ma har likitan ƙwaƙwalwa ake kira masa. Na ce Baffa a bar ni da shi zuwa gobe. Ya dubi agogon hannunsa, na dubi nawa, duk da ba mu da inda za mu.

To, ga cutar da na ce na sani. Ba ita nake faɗi a teburin mai shayi ba.

Lokacin da sunana ya fito a ɓangaren ruwa, Baffa ya ce ba zai bari a je a kunyata gida ba. Ya kai ni gulbi ana tsakiyar damina, ya ɗaura mini ƙaton gora a ƙirji irin wanda masunta ke hawa, ya tura ni. Kwana bakwai ina ƙetare gulbin nan gaba da baya kamar agwagwa, mutanen da ke zuwa gona ta hanyar ƙauyen Kusa suna yi mini kirari. Na tafi makaranta da imanin cewa na iya iyo. Ba wanda ya tuna ya gaya mini cewa gora ke iyon, ni fasinja ne.

A mako na biyu aka jera mu a bakin wani ƙaton tafki na siminti, ruwansa shuɗi kamar an zuba bula. Sajen iyo, wani gajeren mutum mai murya kamar injin niƙa, ya ce waɗanda suka iya su koma dama. 'Yan Arewa duk suka koma hagu suna sunkuyar da kai. Ni kaɗai na bi 'yan bakin teku zuwa dama, ƙirji a buɗe. Sajen ya tambayi garinmu, na ce Jibiya. Ya ce bai taɓa ji ba, in hau katako mafi tsawo in nuna masu yadda ake yi a can. Na hau. Na yi bisimilla. Na faɗa. Abin da na fi tunawa shi ne yadda ƙasan tafkin yake da tsabta, don na daɗe a wurin ina kallon sa. Da wata doguwar sanda mai ƙugiya aka ciro ni ta wando. Tun ranar sunana ya koma Anga, wato ƙarfen nan da ake jefawa ya nutse ya riƙe jirgi, kuma har gobe abokan kwas ɗina ba su san ni da wani suna ba.

Wata uku na yi, duk lokacin da wasu ke hutun rana ni ina tafki. Na sha ruwan nan har na tabbata sai da aka ƙara wani. Sau biyu ina haɗa jakata da niyyar gudu, abin da ya tsayar da ni kawai shi ne fuskar Baffa a zaure. A ƙarshe na ci jarrabawar, ina shure-shure kamar akuyar da ta faɗa rijiya, sajen na biye da ni da sandarsa yana addu'a cikin yarensu. Da aka ba mu muƙami, manya suka duba baiwata da kyau suka tura ni sito, wurin barguna da takalma da igiya. Tun daga nan ruwan da ya wuce gwiwata sai na wanka.

Saboda haka ban ma tsaya tambaya ba. Ɗan Jibiya ya gudo daga makarantar sojan ruwa, me kuma zai kore shi in ba ruwa ba?

Na same shi da la'asar a bakin iyaka, cikin layin 'yan kabu-kabu, bayan manyan motoci da suka yi jerin gwano suna jiran kwastan. Ya sauke wata mata da buhun barkono, tana yi masa ƙorafin yadda 'yan duwan, wato kwastan ɗin can ɗaya gefen, suka tsayar da ita. Ya rame, ya yi baƙi, amma askin makaranta na nan, kuma ya zauna kan babur ɗin a miƙe kamar ana duba fareti. Ya sauko ya rusuna ya ce Kawu sannu da hanya. Na fara zuba. Na ba shi labarin kifi mai tsawon tirela, na ba shi labarin yadda sajen iyo ya roƙe ni in riƙa koya wa sauran. Na ce tsoron ruwa ba abin kunya ba ne ga wanda bai samu malami irina ba. Yana ta kallon tayar babur. Na ce gobe da safe ya kai ni dam. Ya ɗago ya dube ni, kamar zai yi magana, sai ya ce to.

Ranar Juma'a hantsi bai gama ɗagawa ba muka isa. Dam ɗin ya cika ya batse da ruwan damina. Masunta biyu na kan gorunansu can nesa, wani makiyayi ya kawo shanu shan ruwa, injinan ban-ruwa na ta ƙara a gefe. Ni kuwa lissafin awoyi nake, saura yini ɗaya, ga shi ban ko fara ba. Na tuɓe riga na rage gajeren wando. Tumbin da Baffa ya ambata ya fito ya gaida jama'a, har makiyayin ya juyo. Na tsayar da yaron a bakin ruwa na yi masa lacca kan numfashi da bugun ƙafa, duk abin da sajen ya taɓa faɗa mini ina nutsewa. Sannan na ce ya zuba ido ya ga yadda ake shiga.

Niyyata in tsaya inda ruwa ya kai ƙugu, in kaɗa hannu sau biyu, in ce saura kai. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, na juyo ina ci gaba da bayani ina tafiya da baya, don malami ba ya juya wa ɗalibi baya. Ashe a wurin akwai rami inda aka taɓa haƙar ƙasa. Na taka, ban taka komai ba.

Ƙasan dam ɗin Jibiya ba shi da tsabtar na makaranta. Laka ce da duhu. Na taso sau ɗaya na hango saniya tana kallo na, na koma. Ina cikin tunanin yadda za a ba da labarin a teburin mai shayi, sai na ji hannu ya kama haɓata ta baya, an kwantar da ni rigingine, ana ja na a hankali, bugun ƙafa ɗaya bayan ɗaya, daidai yadda yake a littafin horo. Ko haki yaron bai yi ba. Ya shimfiɗa ni a kan ciyawa, ya juya ni gefe, na mayar wa dam ɗin abin da na ara. Makiyayin ya matso ya tambaya ko baƙo ne. Yaron ya ce a'a, sojan ruwa ne. Mutumin ya ce Allah ya sawwaƙe, ya kora shanunsa.

Da numfashina ya dawo na tambaye shi a ina ya koyi wannan. Ya ce a makaranta, cikin mako uku, kuma yanzu shi ake sawa ya kula da masu nutsewa. Wai sun daina jefa mutum daga katako, a gefe mara zurfi ake farawa. Na ji haushin wannan fiye da ruwan da na sha. Na ce to in ba ruwa ba, mene ne?

Yana tsinkar ciyawa ya ce, "Kawu, kwana talatin da ɗaya ina goge takalmi, ina fareti, ina cin abinci har da neman ƙari, Baba kuwa yana cikin ƙasa. Na lissafa. Ranar da aka binne shi muka ci gasar jan igiya, har rawa na yi. Wa ya ce kar a faɗa mini?"

Ni ne. Ana karɓe wayoyinsu a makaranta, saƙo sai ta hannun hafsan da ke kula da su, shi kuwa ƙanena ne a aiki. Ni na kira shi na ce a yi shiru sai hutu. Baffa ya sa albarka, Yaya ta yi kuka ta yarda. Na faɗa wa yaron haka, na ƙara da cewa don shi aka yi, kar jarrabawa ta lalace. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ya ci jarrabawar, mun gode. Amma in ya koma, duk ranar da ya yi dariya sai ya tsaya ya tambayi kansa ko Inna na da rai, don ya riga ya san shiru daga gida ba ya nufin lafiya.

Ina kwance a ciyawa, laka a kunne, sai wani labari ya faɗo mini, wanda na fi shekara ashirin ina bayarwa ana dariya. Yadda na dawo hutu a shekarata ta biyu da turmin atamfa a hammata, na shiga gida ina rangaɗa sallama ina cewa tsohuwa fito ki ga sojanki, har na yi fareti a tsakar gida, sannan na lura an fitar da gadonta. Nakan kwaikwayi faretin, in kwaikwayi fuskar Baffa yana leƙowa daga zaure. Mutane su yi ta dariya. Na buɗe baki in ba yaron labarin don ya ga ba a kansa aka fara ba, sai na rasa inda abin dariyar yake. Na ce kawai, ni ma haka aka yi mini da kakarka. Ya ce ya sani, kuma shi ya sa ya yi zaton ni ne zan hana.

Na ce ya miƙo mini rigata.

Bayan an sauko Juma'a muka zauna a zauren Baffa, Yaya na tsaye daga bayan ƙofar cikin gida inda take jin komai. Labarin dam ya riga mu isowa, Baffa ya dube ni sau ɗaya daga sama har ƙasa, abin da ya fi magana ciwo. Yaron ya faɗi sharaɗinsa. In har ana so ya koma, a yi masa alkawari cewa duk abin da ya sami wani a gidan nan, ranar za a faɗa masa, ko yana tsakiyar jarrabawa. Zuwa ko rashin zuwa, shi da makaranta za su yanke, ba mu ba.

Baffa ya buga sanda a ƙasa. Tun yaushe kurtu ke kafa wa hafsoshi sharaɗi? Ya ce shi yana bakin daga ɗansa na fari ya rasu, ba a gaya masa ba sai bayan an girbe gero, kuma daidai aka yi, don da ya ji, da ya yar da bindiga ya taho. Ni a nan na saba yin shiru, shekara ashirin ina yin shiru a daidai wannan gaɓar. Amma jika da kaka akwai wasa tsakaninsu, abin da ɗa ba zai iya furtawa ba jika na faɗin sa a zauna lafiya. Yaron ya matsa kusa da shi ya ce, "Tsoho, da ka taho ai da ka ga fuskarsa. Yanzu kana iya tuna ta?"

Na ɗauka sandar za ta tashi. Ba ta tashi ba. Baffa ya ɗauki takalminsa da ke gefen tabarma, wanda ya riga ya goge tun safe, ya shiga goge shi da hannun riga. Daga bayan ƙofa Yaya ta ce ita dai ta yi alkawari, kuma ba za ta ƙara yarda a rufe wa ɗanta komai ba, ko wa ya ce.

Baffa bai dubi yaron ba, ni ya duba. "Kai mai ɓoye tafin hannu, oda ce. Ko ni na mutu, kafin a ɗora ruwan wanka ka buga waya. Wanga ja'iri ya zo ya ga fuskata, ya ga ko ta fi tashi kyau."

A gabansu na kira hafsan makarantar na janye maganata ta farko. Ya ce Yallaɓai, ai dama shi bai so ba, umarnin babba ne kawai ya bi. Shi ma ɗan zamani ne, sai da ya gaya mini. Na kashe wayar na dubi yaron. Bai ce zai koma ba, bai ce ba zai koma ba. Ya tashi ya ɗauki babur ya fita.

Asabar tun da sassafe ina tasha. Motar farko ta cika ta tashi. Ta biyu ta fara lodi, na sa aka riƙe kujerar gaba, direban na ta yi mini tsaki. Na kasa zama. Na je bakin titi na dawo, na je na dawo, mai shayi ya ce Yallaɓai zo ka ba mu labarin teku, na ce yau teku na hutu. Na kira gida, Yaya ta ce ya fita tun bayan asuba da babur, jakarsa ma ba ta gani ba, ba ta san ko iyaka ya nufa ba. Na fara shirya abin da zan faɗa wa Baffa, da abin da zan faɗa wa abokan aikina da na cika wa baki cewa ɗana zai gaje ni.

Saura mutum ɗaya mota ta cika sai ga shi, jaka a baya, ƙafafun wandonsa da jar ƙasar maƙabarta. Ya kashe babur ɗin, ya miƙa mini makulli ya ce in kai wa Inna, kar a sayar. Ya jefa jakar a but. Sannan ya ƙame a gaban duk 'yan tasha ya sara mini, tafin hannu na kallon ƙasa, tsaf, yadda ko Baffa ba zai sami abin cewa ba. Na rama. Ƙirjina ya buɗe, na ji tsohon bakina na dawowa, har na fara gaya wa direba cewa wannan da yake gani ni na koya masa iyo.

Yaron ya shiga mota, ya leƙo ta taga, ya yi ƙasa da murya, amma ba ƙasa sosai ba, don mai shayi ya ji.

"Kawu, ko kai ne ka mutu a faɗa mini ranar. Amma don Allah kar ya zama a ruwa. Abokan kwas ɗina sun ɗauka ka iya iyo."